MASU AIKIN ƊAKIN MAGANI: YADDA A KE SAMUNSU DA YADDA A KE RIƘE SU

Mun saba yin magana da ku a kan sauro, da ruwan sha, da allurar rigakafi ta yara. Yau kuwa maganarmu a kan mutane ta ke, watau waɗanda ku ke tararwa in kun zo ɗakin magani.

Da yawa cikinku sun san wannan wahala. Ka ɗauko yaro jikinsa da zafi, ka yi tafiyar mil biyar a ƙasa, ka iske ƙofa a kulle. Ko kuwa mace ta fara naƙuda da tsakar dare, a kai ta, a ce ai ungozoma an yi mata canji tun wata uku, ba a kawo wata ba. Sai mutum ya koma gida yana zagin malamin asibiti. Wani lokaci laifin nasa ne, gaskiya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin ya ɓaci ne tun daga nesa, tun daga yadda aka ɗauki ma'aikacin, da inda aka aike shi, da yadda a ke biyansa. In kun gane wannan, za ku san inda za ku kai kuka, za ku kuma san abin da ya ke wuyanku.

GINI BA YA BA DA MAGANI

In mutanen gari sun je gaban gwamnati, abin da su kan roƙa shi ne a gina musu asibiti. Roƙo ne mai kyau. Amma gini a kan gama shi cikin wata shida. Ungozoma kuwa, sai yarinya ta yi shekara 6 a firamare, ta yi 6 a sakandare, sa'an nan ta yi 2 ko 3 a makarantar ungozoma. Likita, bayan sakandare sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, kafin a sake masa. To, kun ga ba a fafe gora ran tafiya. Ungozomar da za ta karɓi haihuwa a garinku nan da shekara goma, yanzu haka tana aji huɗu ko biyar a firamare, in dai an bar ta ta ci gaba.

SU WANE NE KE AIKI A NAN?

A ƙauye kowa ya sa farar riga sai a kira shi likita. Ya kamata ku san bambancinsu, gama kowa da iyakar aikinsa.

Na farko shi ne ma'aikacin lafiyar jama'a, wanda mu ke kira malamin asibiti. Su ne mafiya yawa a karkara. Hawa uku gare su. Ƙaramin ya kan yi shekara 2 a makarantar koyon aikin lafiya, na sama da shi shekara 3. Babbansu kuwa shi ne wanda ya ƙaro karatu a babban asibitin koyarwa, shi a kan ba riƙon ɗakin magani. Akwai littafin umurni da gwamnati ta ba su. A ciki an rubuta kowace alamar ciwo, da abin da za a tambaya, da abin da za a duba, da maganin da za a bayar, da kuma inda aka ce, "Tsaya nan, aika da shi gaba." Saboda haka in kun ga malami yana buɗe littafi a gabanku, kada ku ce bai iya ba. Doka ya ke bi. In kuma ya rubuta muku takarda ya ce ku tafi babban asibiti, ba korarku ya yi ba, iyakarsa ce ya zo.

Sai nas, mai jiyya, da ungozomar asibiti mai awon ciki da karɓar haihuwa. Sai mai gwajin jini da fitsari. Sai mai ba da magani. Sai mai rubutu, wanda ke riƙe da katinku da manyan littattafan lissafi. Sai malamin tsabta, wanda iyayenmu su ka sani da sunan duba-gari. Kada kuma a manta da mai shara da mai gadi. Ɗakin haihuwar da ba a wanke shi ba, shi kansa gidan cuta ne. Ungozoma kuwa ba za ta kwana a wurin da babu mai gadi ba.

Kowane ɗaya cikin masu ba da magani yana da hukumar da ke rubuta sunansa, ta ba shi lasin. Likitoci da tasu, nas da ungozoma da tasu, malaman asibiti ma an kafa musu tasu a 1992. Wanda ya ke yawo da jaka kasuwa kasuwa yana yi wa mutane allura, ba shi da takardar kowa, ba ya cikin waɗannan. In ya yi ɓarna babu inda za a kama shi.

YADDA AKA FARO

Zamanin En'e, ɗakin magani na hannun Sarki da Hakimai ne. A kan ɗauki yaro mai ɗan karatu, a koya masa wankin gyambo, da ɗaurin miki, da ba da ƙwaya, a ajiye shi a garin Hakimi. Likita kuwa sai a hedkwatar lardi. Asibitin koyarwa na Badun an buɗe shi a 1957, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta fara koyar da likitoci a 1967.

A 1978 ƙasashen duniya su ka taru a wani gari mai suna Alma Ata, su ka shirya a kan cewa lafiya sai an kai ta inda talaka ya ke zaune, kuma ba za a jira sai likitoci sun wadata ba. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya na Nijeriya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan magana da ƙarfi. A zamaninsa aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka ɗora ɗakunan magani a wuyan ƙananan hukumomi. A 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lafiya a matakin farko.

Aikin waɗannan ƙananan ma'aikata ya yi amfani ƙwarai. Su ne su ka bi rijiya da tafki har aka tabbatar kurkunu ya ƙare a Nijeriya a 2013. Su ne su ka bi gida gida da ɗigon baki har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

NAWA NE ZA SU ISA?

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi, ta ce in an haɗa likita da nas da ungozoma, a ƙalla a sami 23 ga kowane mutum 10,000. Ta iske ƙasashe 57 ba su kai wannan ba, 36 daga cikinsu a Afirka su ke, har da Nijeriya da Nijar. A 2016 aka sake awo, aka ce abin da ya kamata ya kusa 45 ga mutum 10,000. To, ku ƙidaya da kanku. Gundumarku mutum nawa ne? Nas da ungozoma nawa ku ka sani a cikinta?

Ƙaranci kuwa rabin maganar ne. Sauran rabin shi ne rabo. 'Yan kaɗan ɗin da a ke da su sun taru a birni, inda akwai wuta da famfo da makaranta. Za ka iske asibitin cikin gari nas sun yi yawa har wasu na zaune, ƙauye kuwa mutum ɗaya ne malami, shi ne mai allura, shi ne mai rubutu, shi ne mai karɓar haihuwa. Ranar da ya tafi hedkwata karɓo maganin rigakafi, dole ƙofa ta kasance a kulle. Ranar da ya kwanta ciwo, haka.

AYYUKA BIYAR NA SHUGABANNI

Tafiyar da ma'aikata kamar noma ya ke. Akwai zaɓen iri, da shuka, da noma, da taki, da tsaron gona. In an bar ɗaya, sauran sun zama wahalar banza.

Na ɗaya, ɗauka. A ɗauki mai takardar gaskiya, a wurin da a ke bukatarsa. In aka ɗauki mutum don ɗan wane ne, ko aka bar sunan wanda ya mutu ko ya bar aiki a takardar albashi, kuɗin ungozoma guda ke nan ya tafi. Don haka ne a kan kira ma'aikata tantancewa lokaci lokaci, kowa ya zo da kansa da takardunsa.

Na biyu, horo. Ilimin magani ba ya tsayawa. Maganin zazzaɓin da a ke bayarwa muna yara, yanzu an bar shi, gama ƙwayar cutar ta saba da shi. Da can in jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin sauro ne, yanzu kuwa sai an ɗiga jini an gwada. Malamin da ya shekara goma ba a kira shi kwas ba, da tsohon ilimi zai yi ta aiki. In kun ji an ce malami ya tafi kwas na mako guda, ba yawo ya tafi ba. Amma wajibi ne shugabanni su aiko da wanda zai riƙe wurin kafin ya komo.

Na uku, rabo, watau aika kowa inda ya dace. Wannan shi ya fi wuya. An aika ma'aikaci ƙauye, kwana biyu sai ga takarda daga wani babba, a mai da shi birni. Ƙauyen da ba shi da babban mutum sai ya zauna hannu wofi. Inda a ke yin abin bisa ƙa'ida, a kan rubuta wa kowane ɗakin magani yawan ma'aikatan da ya kamata, a kuma sa wa'adi: wanda ya yi shekara kaza a ƙauye mai nisa, shi za a fara ba zuwa ƙarin karatu, shi za a fara yi wa ƙarin girma. In mutum ya san wahalarsa tana da ranar ƙarewa, kuma za a tuna da ita, zai daure.

Da can kuma ma'aikaci ɗaya iyayen gidansa da yawa. Ƙaramar hukuma ke biyansa, wata ma'aikata ke yi masa canji, wata ke kawo magani, wata ke duba aikinsa. In ya yi laifi ba a san mai horonsa ba, in an cuce shi bai san inda zai kai ƙara ba. Saboda haka a 2011 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a tattara dukan wannan a ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha.

Na huɗu, biya. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin aika ungozomomi karkara. Aka tattaro sababbin fita, da marasa aiki, da waɗanda su ka yi ritaya da sauran ƙarfinsu. Aka raba nauyin uku: tarayya ta biya kashi, jiha ta biya kashi, ƙaramar hukuma ta biya kashi ta kuma ba da masauki. Inda kowa ya cika alkawari, mata su ka yi ta zuwa awo. A wurare da yawa kuwa alawus bai zo ba, ɗaki bai samu ba, ungozomomi su ka tattara kayansu. Darasin a fili ya ke: kai ma'aikaci ƙauye abu ne mai sauƙi, zaunar da shi ne aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, ta ce a zuba masa a ƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, daga cikinsa kuma kashi 10 cikin 100 na horar da ma'aikatan matakin farko ne.

Na biyar, dubawa. Ya kamata babban ma'aikaci ya riƙa zagayowa. Ya duba littafin sa hannu, ya ga wa ya zo wa bai zo ba. Ya ƙidaya magani ya gwada da abin da aka rubuta. Ya buɗe firjin rigakafi ya ga ko sanyinsa na tsakanin awo 2 da 8, gama in ya wuce haka maganin na iya lalacewa. Ya zauna ya ga yadda malami ke duba yaro, ya gyara masa a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Mai dubawan da ba ya zuwa sai da faɗa, za a riƙa ɓoye masa gaskiya. Wanda ba ya zuwa sam, shi ya ba da izinin sakaci.

A cikin dubawa akwai kuma tsare lafiyar ma'aikaci kansa: safar hannu, da sabulu, da akwatin zuba tsofaffin allurai. Ku tuna 2014, sa'ad da cutar Ebola ta shigo Ikko. Likita Ameyo Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti, ta tsare ƙasa, amma ita ta kamu ta rasu, tare da waɗansu abokan aikinta.

ME YA SA SU KE TAFIYA?

Tafiyar hawa hawa ce. Na ƙauye yana neman gari, na gari yana neman babban birni, na birni yana neman Ingila ko Amurka ko Sa'udiyya. Ƙasa ta kashe kuɗi ta koyar, wata ƙasa ta mora. A 2010 ƙasashen duniya su ka amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 55, har da Nijeriya, ta ce kada a riƙa zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. A 2024 Nijeriya ta fito da tata manufar a kan wannan ƙaura. Amma ba a ɗaure mutum da igiya. In babban likita ya tashi, sai a ɗauko na ƙasa da shi a cike gurbin, a haka a haka har giɓin ya gangaro ya tsaya a ƙauyenku.

Abin da ke korar ma'aikaci daga ƙauye bai wuce waɗannan ba: rashin ɗakin kwana, rashin ruwa, rashin makarantar 'ya'ya, jinkirin albashi, tsoron 'yan fashi, da zama cikin mutanen da ba su ɗauke shi nasu ba. Ni kaina, garin da aka fara aika ni, a ɗakin ajiyar magani na kwana wata biyu, tsakanin kwalaye. Har na rubuta takardar neman canji. Dagacin garin ya ji labari, ya sa aka share mini ɗaki a gidansa, matan gari su ka riƙa aiko da tuwo. Na yaga takardar. Shekara bakwai na yi a garin nan.

DA ƊAN GARI A KAN CI GARI

An gwada a ƙasashe da yawa, an iske wanda ya tashi a ƙauye shi ya fi zama a ƙauye bayan ya gama karatu. Ƙasar Habasha ta bi wannan hanya tun wajen 2003. A kan zaɓi 'yan mata daga ƙauyensu, a koya musu aiki shekara guda, a komo da su biyu biyu, gwamnati na biyansu. A Gana kuma a kan zaunar da nas a cikin ƙauye, mutanen gari su taimaka da wurin zamanta, ita kuwa ta riƙa bin gidaje.

Mu a nan Arewa maganar ta fi tsanani wajen mata. Maigida ya ce namiji ba zai duba matarsa ba. To, mun ji. Amma in an ce ya bar 'yarsa ta gama sakandare ta shiga makarantar ungozoma, sai ya ce a'a. Jama'a, ina za a samo macen da za ta duba matarka, in kowa ya hana tasa 'yar? Daga 2012 an yi wani shiri a Kano, da Katsina, da Jigawa, da Zamfara, da Yobe, inda gari ke zaɓen yarinya, a ba ta karatun share fage, ta shiga makarantar nas ko ta ungozoma bisa alkawarin za ta komo gida ta yi aiki. Cikinsu har da matan aure masu goyo.

Tun da ya ke ungozomomi ba su wadata ba, a 2014 gwamnati ta yarda a ƙara wa malaman asibiti horo, su karɓi haihuwar da ba ta zo da gardama ba, su ba da maganin tsai da jini, su yi allurar farko ga mai jijjiga kafin a kai ta gaba. Wanda aka horar ne kaɗai ke da wannan izini.

ABIN DA KE WUYANKU

1. Ku san kwamitin lafiya na gundumarku. Dagaci, da malamai, da mata, da matasa duk suna da wakili a ciki. Ku tambayi ranar taronsa.

2. In an kawo muku sabon ma'aikaci, ku karɓe shi kamar baƙon kirki. Ku nema masa ɗaki mai ƙofa, kusa da ɗakin magani, balle in mace ce.

3. Ku san ranakun aiki: ranar awo, ranar rigakafi, da ranar da malami ke fita ƙauyuka. Fita ƙauyuka tana cikin aikinsa. Ku roƙa a rubuta ranakun a manna a ƙofa.

4. Ciwon da ya fara da safe, kada ku bari sai tsakar dare. Mutum ɗaya ba zai yi aikin rana da na dare kullum ba.

5. Kada ku matsa wa malami sai ya yi muku allura. In ya ce ƙwaya ta isa, ta isa.

6. In ma'aikaci ba ya zuwa aiki, ko yana sayar da abin da aka ce kyauta ne, ko yana wulakanta marasa lafiya, kada ku yi shiru, kada kuma ku tare shi da zagi ko duka. Ku riƙe rana da abin da ya faru, ku kai wa kwamiti, kwamiti ya kai wa shugaban lafiya na ƙaramar hukuma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

7. In kuwa yana da kirki, wannan ma ku faɗa. Takardar yabo daga gari tana shiga fayil ɗinsa, tana kuma hana a ɗauke muku shi ba dalili.

8. In masu neman ƙuri'a sun zo da alkawarin gini, ku tambaye su ma'aikata nawa za su kawo, wa zai biya su, ina za su kwana.

9. Ku bar yaranku, maza da mata, su gama makaranta. A kowace shekara gari ya yi ƙoƙari ya tura ko da mutum ɗaya makarantar aikin lafiya.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ce ke ɗauka, ita ke biya, ita ke aikowa. Amma ko ma'aikaci ya zauna ko ya gudu, da hannunku a ciki. In kun karanta wannan takarda, ku karanta wa wanda bai iya ba, ku kuma kai ta zauren dagaci a tattauna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani jiƙon.